Mujallun jiragen ruwa tsakanin mai karatu da mai talla

A daidai lokacin da kamfanoni ke rige-rigen fito da injinan jiragen ruwa masu aiki da lantarki, har yau da sauran ayar tambaya a game da ko mujallun da ke rayuwa da kuɗin tallan waɗannan kamfanoni za su iya gaya wa mai saye gaskiyar abin da zai saya.

A ranar 22 ga watan Disamban shekara ta 2000, kwanaki uku kacal kafin bikin Kirsimeti, kamfanin Outboard Marine Corporation da ke garin Waukegan a jihar Illinois ta Amurka ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Kamfanin, wanda aka fi sani da OMC a taƙaice, shi ne mai ƙera injinan Evinrude da Johnson, wato irin injinan nan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale. Ma'aikata kimanin dubu bakwai suka wayi gari babu aikin yi, yayin da dillalai da masu jiragen da suka sayi injinansa suka shiga zulumi a game da makomar garantin da aka ba su.

Wannan durƙushewa ta zo ne 'yan shekaru ƙalilan bayan da kamfanin ya fito da wata sabuwar fasaha mai suna Ficht, wadda aka yi ta kururutawa a wuraren baje koli da shafukan talla cewar ita ce za ta buɗe sabon babi a tarihin injinan ruwa. Mutane da dama sun saya bisa dogaro da abin da suka karanta, kuma wasunsu sun kwana a ciki. Tun daga sannan labarin Ficht ya zama misalin da masu sukar lamirin mujallun jiragen ruwa kan kawo a duk lokacin da aka yi shelar wata sabuwar fasaha.

Dokar hayaƙi da gaggawar kamfanoni

Asalin maganar dai ta faro ne daga batun kare muhalli. Shekara da shekaru akasarin injinan kwale-kwale masu bugu biyu ne, irin na tsofaffin babura da ake gauraya musu fetur da baƙin mai. Ba su da nauyi, ga ƙarfi, ga sauƙin gyara, to amma suna da babban aibi guda: wani kaso mai yawa na man da suke sha, wanda kan kai rubu'i ko ma fiye, yana ficewa ne ta salansa ba tare da ya ƙone ba, ya kwarara cikin ruwa da iska.

A shekara ta 1996 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta tilasta wa masu ƙera waɗannan injina rage irin wannan gurɓata da kashi 75 cikin ɗari, mataki-mataki daga 1998 zuwa 2006. A tafkin Tahoe da ke kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nevada ma, tun a 1999 aka haramta amfani da akasarin tsofaffin injinan masu bugu biyu. Ala tilas kowane kamfani ya shiga neman mafita. Honda, wanda tun cikin shekarun 1960 yake ƙera injinan ruwa masu bugu huɗu irin na mota, ya ci gaba a kan tafarkinsa. Kamfanin Mercury ya rungumi fasahar wani kamfanin Ostireliya mai suna Orbital, ya fito da injin OptiMax. Shi kuwa OMC sai ya dogara a kan fasahar Ficht, wadda ta samo asali daga Jamus, inda ake fesa mai kai-tsaye cikin silinda bayan ƙofar hayaƙi ta rufe, ta yadda man ba zai samu hanyar tserewa ɗanye ba.

A kan takarda dabarar ba ta da makusa, kuma a gwajin 'yan sa'o'i injin ya nuna sauri da tsimin mai. Matsalar ta fito fili ne a hannun masu amfani da shi yau da gobe, musamman masunta da kan shafe sa'o'i suna tafiya sannu-sannu suna jan ƙugiya. A irin wannan tafiya baƙin toka kan taru a cikin silinda, fulogi ya riƙa mutuwa, wani lokaci ma injin ya buga gaba ɗaya. A shekara ta 2001, bayan kamfanin ya riga ya rushe, Rundunar Tsaron Gaɓar Tekun Amurka ta yi gargaɗi a game da yoyon mai da hatsarin tashin gobara a wasu manyan injinan Ficht masu ƙarfin doki 200 da 225.

Ba Ficht kaɗai ce ta kayar da OMC ba. Akwai ɗimbin bashi, da sauye-sauyen shugabanni, da matsalar ingancin kayayyakin da ya koma sayowa daga wasu masana'antu. Amma dai kuɗin da ya kashe wajen gyara injinan da ke ƙarƙashin garanti da kuma zubewar mutuncinsa a idon masu saye sun taka muhimmiyar rawa. Kamfanin da ke riƙe da kusan sulusin kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1990 ya yi asarar mafi yawan wannan kaso kafin ƙarshen shekara ta 2000.

Yadda kuɗin ke zagayawa

Domin fahimtar dalilin da ya sa irin wannan aibi kan jima bai bayyana a shafukan mujallu ba, wajibi ne a duba inda mujallun ke samun abin rufin asiri. Ko da yake akwai jiragen shaƙatawa sama da miliyan 11 da aka yi wa rajista a Amurka, masu sayen mujallar jiragen ruwa ba su taka kara sun karya ba in an kwatanta da masu karanta manyan jaridu. Kuɗin da mai karatu ke biya bai isa ya ɗauki nauyin takarda mai sheƙi da hotuna masu launi da albashin ma'aikata ba. Talla ce ke cike giɓin.

Su kuma masu ba da tallar ba su da yawa. Kasuwar injinan da ake ɗaurawa a baya tana hannun kamfanoni ne da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: Mercury, Yamaha, Suzuki, Honda da Tohatsu. Bugu da ƙari, kamfanin Brunswick, wanda ya mallaki Mercury, shi ne kuma mai kamfanonin ƙera jirage irin su Sea Ray da Boston Whaler da Bayliner da Lund. Ke nan editan da ya ɓata wa kamfani guda rai zai iya rasa tallar kayayyaki masu suna daban-daban a lokaci ɗaya. Babbar jarida in kamfanin mota ya janye tallarsa, tana da bankuna da kantuna da kamfanonin jiragen sama. Mujallar jiragen ruwa kuwa ba ta da wata kasuwa in ba ta jiragen ba.

Sannan akwai yadda ake gudanar da gwajin kansa. Babban inji guda kan ci dala dubbai masu yawa, jirgin da za a ɗora shi a kai kuma ya ninka haka, saboda haka da wuya mujalla ta sayi abin da za ta gwada da kuɗinta. A bisa al'ada kamfani ne ke gayyatar marubuta zuwa wani wurin shaƙatawa a bakin ruwa, sau da yawa shi ke ɗaukar nauyin masauki da abinci, shi ke zaɓen jirgin da farfelar da ta fi dacewa da injin, injiniyoyinsa kuma suna tsaye a gefe. Marubuci zai auna gudu da shan mai da ƙara, ya rubuta alkaluman da ya gani, kuma alkaluman gaskiya ne. To sai dai inji sabo fil, a ruwa kwantacce, da kaya marasa nauyi, cikin wuni guda, ba zai nuna abin da zai faru bayan sa'o'i ɗari biyar a ruwan gishiri ba. Ga mai saye kuwa, ƙarko shi ne abin da ya fi damunsa.

Akasari ma ba sai wani ya ɗaga waya ya yi barazana ba. Marubucin da ya san cewar gayyata ta gaba da damar fara ganin sabon kaya suna hannun kamfanin, shi da kansa zai sassauta alƙalaminsa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan yakan zo ne ta hanyar yin shiru: injin da bai gamsar ba sai kawai a ƙi yin rubutu a kansa, aibin da aka gani kuma a sakaya shi cikin jimla guda a ƙarshen sharhi.

Abin da bincike ya nunar a wasu fannoni

Irin wannan tasiri ba ya barin sawu a fili, amma a fannonin da masana suka zauna suka yi ƙididdiga, sakamakon ya ba da goyon baya ga masu ƙorafi. A shekara ta 1992 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike na Kenneth Warner da abokan aikinsa, wanda ya gano cewar mujallun Amurka da ke karɓar tallar taba sigari ba su cika yin rubutu a kan illolin shan taba ba kamar waɗanda ba sa karɓa. A 2006 kuma masana tattalin arziƙi biyu, Jonathan Reuter da Eric Zitzewitz, sun nunar da cewar mujallun ba da shawara kan harkar kuɗi sun fi yaba asusun zuba jari na kamfanonin da ke ba su talla, alhali ba a ga irin wannan alaƙa a jaridun New York Times da Wall Street Journal ba. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin ya nuna cewar matsin ya fi yin tasiri a inda masu tallar suka kasance 'yan ƙalilan ne kuma daga sana'a guda.

A wasu lokutan kuma matsin kan fito ɓaro-ɓaro. A 1997 ta bayyana cewar kamfanin motoci na Chrysler ya aike wa mujallu wasiƙa yana neman a riƙa sanar da shi tun da wuri in za a buga wani abu mai ta da ƙura a fitowar da tallarsa ke ciki. Ƙungiyar editocin mujallu ta Amurka ta yi tir da lamarin, kuma kamfanin ya janye buƙatar a cikin shekarar. A watan Afrilun 2005 kamfanin General Motors ya janye tallarsa daga jaridar Los Angeles Times na tsawon watanni, yana mai zarginta da kurakurai, jim kaɗan bayan da mai sharhinta kan motoci, Dan Neil, ya caccaki wata motar Pontiac tare da shugabannin kamfanin. Jaridar ta iya jure wannan horo saboda girmanta. Ƙaramar mujalla da ke dogaro da kamfanoni biyar ko shida, abu ne mawuyaci ta iya jurewa.

Daga Ficht zuwa zamanin lantarki

Bayan rushewar OMC, kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayen Evinrude da Johnson a 2001, ya gyara fasahar, ya fito da ita da sunan E-TEC a 2003. Sabon injin ya samu karɓuwa a wurin mutane da yawa, amma kasuwa ta riga ta karkata ga injina masu bugu huɗu. A watan Mayun 2020 kamfanin BRP, wanda ya gaji wannan sashe, ya ba da sanarwar daina ƙera Evinrude kwata-kwata, sunan da ya haura shekaru ɗari a kan ruwa. Haka nan injinan Seven Marine masu ƙarfin doki sama da 500, waɗanda suka ja hankalin jama'a a wuraren baje koli tun daga 2011, kamfanin Volvo Penta da ya saye su a 2017 ya dakatar da su bayan 'yan shekaru. A duka biyun, wanda ya saya shi aka bari da tunanin kayan gyara da faɗuwar darajar jirginsa a kasuwar gwanjo.

Kazalika a shekara ta 2005 Volvo Penta na ƙasar Sweden ya fito da tsarin IPS, inda farfeloli ke fuskantar gaba a ƙarƙashin jirgi suna jansa maimakon tura shi, daga bisani kuma aka ƙara masa wani ɗan sanda da ake sarrafa jirgin da shi a wurin tsayawa. Fasahar ta yi nasara kuma har yau ana amfani da ita. Amma tsadar kula da ita, da buƙatar ƙwararrun makanikai na musamman, da abin da kan biyo baya in jirgi ya bugi dutse a ƙarƙashin ruwa, duk batutuwa ne da gwajin wuni guda ba zai iya aunawa ba.

A halin da ake ciki yanzu dai hankali ya koma kan lantarki. Kamfanin Torqeedo da aka kafa a Jamus a 2005 ya koma hannun Yamaha a 2024, Mercury ya fito da injinansa na Avator a 2023, yayin da jirgin fasinja na kamfanin Candela, wanda ke tashi bisa wasu fikafikai a cikin ruwa domin rage tirjiya, ya fara jigila a birnin Stockholm a ƙarshen 2024. Injin lantarki ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, ba ya zubar da mai, kuma a ƙananan kwale-kwale da tafkunan da aka hana injin fetur ya tabbatar da amfaninsa.

To amma akwai lissafin da talla ba ta son a tsawaita magana a kansa. Kilo guda na fetur na ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 12, alhali kilo guda na batirin litiyam bai cika wuce rubu'in kilowat-awa ɗaya ba. Ko da an yi la'akari da cewar injin fetur na ɓarnatar da wajen kashi uku cikin huɗu na makamashinsa a matsayin zafi, shi kuma na lantarki yana cin moriyar kusan kashi 90 cikin ɗari, har yanzu fetur ya ninka batir fiye da sau goma. Ruwa kuma ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma jirgi ba shi da gangara da zai huta a kanta kamar mota. Shi ya sa jirgin lantarkin da zai yini yana tafiya a hankali, in aka buɗe masa wuta zai iya shanye batirinsa cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Sharhin da ya kawo iyakar gudu a wani sakin layi, ya kawo iyakar nisan tafiya a wani, ba tare da ya fayyace cewar ba a samun biyun a lokaci ɗaya ba, bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai karatu a cikin duhu.

Akwai kuma batun awon ƙarfi. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Amma an saba tallata injin lantarki mai wat dubu ɗaya a matsayin wanda ya yi daidai da injin fetur mai doki uku, alhali bisa lissafi bai kai doki ɗaya da rabi ba. Kamfanonin na kafa hujja da cewar farfelarsu ta fi iya mayar da ƙarfin zuwa turi a ƙaramin gudu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai mutumin da ke neman ƙetare igiyar ruwa mai ƙarfi yana da haƙƙin a bayyana masa bambancin. Sannan ga hatsarin rushewar kamfani. Pure Watercraft na birnin Seattle, wanda General Motors ya sayi kashi 25 cikin ɗari na hannun jarinsa a 2021, ya faɗa hannun masu kula da kadarorin kamfanonin da suka gaza a 2024.

Hujjar editoci

A nasu ɓangaren, masu kare mujallun na da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Na farko, alkaluman gudu da shan mai da suke bugawa awo ne na zahiri, kuma mai saye ba shi da wata hanya mai sauƙi ta samun su. Na biyu, babu mujallar da za ta jira shekaru uku kafin ta ba da labarin sabon inji, domin mai karatu na son sanin abin da ya fito a bana. Na uku, ƙorafin mutum ɗaya ko goma ba ya zama hujjar cewar inji na da aibi, kuma buga zargi maras tushe na iya janyo shari'a da kuma cutar da kamfanin da bai ji ba bai gani ba. Cikakkun bayanan yawan injinan da suka lalace suna cikin kundin garanti na kamfanoni ne, waɗanda ba sa nuna wa kowa.

Daɗin daɗawa, mujallar da masu karatu suka daina amincewa da ita ba ta da wani amfani ga mai talla shi kansa. Wannan ne ya sa editoci da dama ke ƙoƙarin raba ofishin talla da ɗakin labarai. Abin lura kawai shi ne, dukkan waɗannan hujjoji suna bayyana dalilin da ya sa sharhin farko ba zai iya hango aibi ba ne. Ba su bayyana abin da ke hana komawa kan injin bayan shekara biyu, a tuntuɓi makanikai da dillalai da masu inshora, a buga abin da aka samu a shafin da ya kai na farkon girma ba.

Ina mafita?

An gwada wata hanyar dabam. Mujallar Consumer Reports, wadda aka kafa a 1936, ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen motoci da sauran kayan da take gwadawa. A fannin ruwa an kafa Practical Sailor a 1974 a kan irin wannan manufa, haka ma 'yar'uwarta Powerboat Reports, wadda daga baya ta daina fitowa. Darasin da ke ciki shi ne mai karatun da ke son sharhi maras tsoro sai ya yarda ya biya kuɗi mai tsoka, kuma masu yarda da hakan ba su da yawa.

Bayyanar intanet ta rage wa kamfanoni ikon rufe aibi, domin a yau makaniki ko masunci na iya ɗaukar hoton injin da ya buga ya nuna wa duniya cikin daƙiƙa. Amma ta zo da nata matsalolin. Da yawa daga masu gwajin jirage a YouTube kyauta ko aro ake ba su kayan, wasu ma biyansu ake yi, ga kuma tallar da ake shirya ta da kamannin labari. Wannan ne ya sa a watan Disamban 2015 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ke neman a riƙa bayyana irin wannan talla a fili, sannan a 2023 ta sabunta ƙa'idojinta a kan masu yabon kaya domin lada.

Maganar ba ta tsaya ga attajiran Florida masu jiragen shaƙatawa ba. A kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da tafkin Chadi, injinan masu bugu biyu irin su Yamaha Enduro ne ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwanni, kuma sun samu karɓuwa ne saboda makanikin bakin kogi na iya kwance su ya ɗaura. Ko ba daɗe ko ba jima sababbin fasahohin za su iso waɗannan wurare, ta hannun 'yan kasuwa ko hukumomi ko ƙungiyoyin agaji, ɗauke da yabon da aka rubuta a kansu a Turai da Amurka. Duk jami'in da zai sa hannu a kan odar sayen su, ko mai kwale-kwalen da zai zuba jarinsa, ya kamata ya tambayi wanda ya ɗauki nauyin gwajin, da sa'o'in da injin ya yi yana aiki, da nauyin kayan da aka ɗora masa, da kuma inda za a samu kayan gyara in kamfanin ya rufe, kamar yadda ya faru ga OMC a shekara ta 2000.